Mai Awon Kanwa a Atrun

Ni ne Dardiri mai sikeli,
shekara talatin ina auna kanwa.
Labarin garin nan kake so?
To matso jikin buhunan nan,
nan kaɗai rana ta manta da 'yar inuwa.

Gari na ce, don dai a ba shi girma.
Rumfunan tsumma ne da bukkokin kwano,
sai rijiyoyi masu zartsi,
mai daɗin cikinsu ma
sai an runtse ido take haɗiyuwa.

Kakana Sabil yakan ce,
ta nan Hanyar Kwana Arba'in ta ratsa,
daga Darfur har cikin Masar,
raƙuma a jere kamar tururuwa.
Hauren giwa, gashin jimina, ƙaro, tsamiya,
sai ya yi shiru, ya tofar da yawu,
ya ce har da mutane a igiya,
'ya'yan wasu, ana kora su kasuwa.
Ba wanda ya kafa alama a hanyar.
Ƙasusuwan waɗanda suka gaza
su ke nuna wa na baya wurin wucewa.

Zafinmu ba abin hira ba ne.
Kafin hantsi ya dubi ludayi
ƙarfen sikelin nan sai da tsumma yake taɓuwa.
In kuwa sanyi ya sauko da dare,
ka nemi yatsunka ka ɗaura igiya,
su ce ba su san zancen lanƙwasuwa.

Ɗana Attom ya shekara bakwai a duniya
bai san ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba.
Ran da aka yi yayyafi ya sheƙo a guje,
wai wani mugu a bisa rumfa
yana watsa masa ruwa.
Muka yi dariya har da riƙe ciki.
Kafin a fito da ƙwarya
gajimaren ya yi arewa.

Ba mu shuka, ba mu girbi.
Gonarmu fara ce fat, diga ce garmarta.
Tana cin tafin hannu, tana tsaga diddige,
amma ba ta san fari ba, ba ta san ƙarewa.
Gingimari kan taso daga Mallit
ta sauke gero, sukari, albasa,
ta ɗebi namu ta juya tana nishi.
In ta makara, shayi ya zama tarihi,
Bahita ta auna gari da murfin kwalba,
ta ce wa yara koyon azumi ake,
kada wanda ya kira shi yunwa.

Sai ga shekarun zinariya.
Samari suka yar da diga,
suka sayi sandar nan mai kuka in ta ji ƙarfe,
suka nausa inda ko hankaka ba ya zuwa.
Attom na cikinsu.
Ya tafi da kuɗin buhu tara,
ya bar mini alkawarin haƙorin Makka.
Shafinsa na nan a littafi, ban soke ba.
Bahita ta ce rowa ce.
Ban gaya mata ba:
muddin da bashi, akwai dawowa.

Jiya wani direba yake ce mini
a garinsu da kanwarmu ake dafa wake,
ita ake zuba wa shanu su lasa su yi ƙiba.
Na kwana ina juya maganar.
Ashe ƙasar da ta hana mu ko tsinken ciyawa
tana can tana gyara garken wasu,
ba ta ko aiko da gaisuwa.

Tsaya. Ka ji ƙara daga kudu?
Wataƙila iska ce, ta sha yi mini haka.
Miƙo mini dutsen awon nan dai,
ka karkaɗe mini faranti.
In mota ce, ta same mu a tsaye.
In ɗan nan ne, ka ce ban ce komai ba,
ka ce tun safe ina nan ina auna kanwa.