Kwale-kwalen Minti Ashirin

A Valparaíso, bayan shagon gyaran wayar Eusebio,
inda gidaje ke dafe da tudu kamar ƙadangaru,
kwamfuta huɗu ce, kujeru huɗu,
mai gurguwar ƙafar ita ce tawa.
Daren Alhamis mukan ja ƙofa,
mu bar teku yana tarinsa a ƙasa,
mu shiga Daular Toka.

Ximena da rana ɗinkin rauni take a asibiti,
da dare ita ke riƙe da gatari.
Ta ce, "Faɗan wasan nan ba shi da na biyu,
in ka kai sara, har kafaɗarka sai ta shaida.
Amma wane mugu ya ɗinka jakar kayan nan?
Na kashe dodo mai kai bakwai,
an ce ba ni da wurin sa albasa ɗaya!"

Nahuel, matsafinmu, ɗalibin lissafi,
shi labarin ne ke ci masa tuwo a ƙwarya.
"Ya taso kamar kogi a damina,
ya ƙare kamar famfon da aka yanke.
Shekara biyu muna neman sarauniya,
ashe ita ce mai sayar mana da kibiya.
Kiɗan dai, na sallama.
Kiɗan Dajin Ƙarfe ya taɓa sa ni kiran kakata."

Eusebio ba ya ɗaga murya.
Ya goge tabarau da gefen riga:
"Wata shida na yi ina ƙera takobina.
Jiya wani yaro ya zo da katin bankin ubansa,
kafin shayina ya huce ya sayi irinsa.
To, a gaya mini, ina amfanin gumi?"

Ni maƙerin nan nake so, mai ido ɗaya,
da yadda inuwa ke tsawo in yamma ta yi.
Ba wanda ya tambaye ni.

Abu guda ne bakinmu ya zo ɗaya a kansa:
kwale-kwalen.
In za ka Tsibirin Ƙaho, sai ka hau shi,
minti ashirin cur, na agogon bango,
ba faɗa, ba taska, ba tsallakewa,
sai ruwa, sai tsohon matuƙi
mai magana uku tak a bakinsa.
Mun zage shi. Mun rubuta wa kamfani ƙorafi har sau tara.

A minti ashirin ɗin nan mukan cire abin kunne,
mu buɗe ƙunshin soyayyen burodin kabewa.
A nan Ximena ta faɗi sunan yaron da ya cika a hannunta.
A nan Nahuel ya ce ya faɗi jarrabawa,
uwarsa a Temuco ba ta sani ba.
A nan muka ji mai gida na son ƙara wa Eusebio haya.
Matuƙi na cewa, "Ruwa ya kwanta yau, matafiyi,"
mu ce masa, rufe mana baki.

Sai kamfani ya ji kukanmu.
Aka kafa ƙofar haske a bakin gaɓa,
ƙiftawa da bismilla kana tsibiri.
Muka yi tafi, Eusebio har da rawa.

Yanzu ƙarfe goma mun gama, mun ci ganima.
Burodin kan koma gida da sanyinsa.
Wata uku ke nan,
ban san ko Nahuel ya gaya wa uwarsa ba.

Makon jiya na ratse, na gangara tsohuwar gaɓa.
Yana nan, ba su goge shi ba,
yana riƙe da sandar tuƙi, ba kowa a layi.
Na biya kwabo biyu, na zauna.
"Ruwa ya kwanta yau, matafiyi."

Kujerar da ke damata ta yi ƙara.
Ximena ta leƙo allona, ta daɗe tana kallo.
"Kai dai ba ka da hankali," in ji ta.
"Matsa. Akwai wurin mutum biyu?"