Bakin Kati

Ranar da Baba ya bar gidan waya
ba agogon bango ya kawo mana ba,
kwalin sabulu ya rungumo,
cike da katunan da suka rasa masu su.
Shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a Katsina,
waɗannan ne suka gagare shi.

An tashi. Ba a san shi ba. Ya rasu.
Haka ya rubuta a kusurwar kowanne da jan biro,
rubutun nan nasa mai kwanciya
kamar gero bayan iskar hadari.

Bara gara ta gano kwalin.
Ta baki ta fara, yadda tsufa ke fara mutum.
Sai na ɗauko kwarashin Inna,
wanda ya yi wa rabin jariran Rafindadi hula,
na zauna gindin dalbejiya.

Takarda ba ta karɓar zare sai an huda ta.
Basilla, tsohon katako a kan cinya,
huda, tazarar ƙwayar shinkafa, huda.
Ka matse, ta yage.
Ka sake, ta yi giɓi.
Sannan sarƙa uku, a koma rami,
sarƙa uku, a koma,
a kusurwa kuwa sai an ninka,
in ba haka ba katin ya ranƙwafa kamar mai ciwon baya.

Jirgin ruwan Ikko na ba shi shuɗi.
Gadar Jabba, ruwan ƙasa, shi ke gare ni a ranar.
Akwai wani gari da ƙanƙara ta rufe,
sunansa ya ƙi zama a harshena,
shi na yi wa ja, ninki biyu,
don kada ya ji sanyi.

Na ce wa Baba ba na karantawa.
Ƙarya nake yi.
A gaida Gwaggo, a ce mata tarin ya tafi.
Kuɗin akuyar nan a ba Ɗanlami, kada a ba Ilu.
Ko Ilu ya ci kuɗin, oho.

Ran wata Laraba Mai-Daddawa ta shigo aron rariya,
ta tarar na jera su a igiyar shanya.
Ta ce, wannan mai itacen koko fa, daga ina?
Na juya bayansa.
Kumasi. Zuwa ga Kilishi 'yar Wanzam, Ƙofar Sauri.
Ga jan biron Baba: Ba a san ta ba.

Ta nemi turmi ta zauna.
Ta ce, rabon da a kira ni da sunan nan
tun ina da haƙora.
Karanta.

Ni ne Barau ƙanenki. Ina lafiya.
Na sayi keke. Ina nan tafe bayan

Bayan me? in ji ta.
Nan basillata ta bi.
Rami uku a kan kalma ɗaya,
koren zare ya hau ya zauna a kai.
Bayan salla ne, ko bayan kaka, ko bayan shekara,
na ce bari in warware mu gani.
Ta riƙe mini hannu.
Ta ce bar shi, 'yar nan, ya yi kyau a haka.
Ko wanne ne, ai ya wuce.

A zaure Baba ya kashe rediyo.
Kullum ta ƙofarsa take wucewa da tallarta,
ya sha sayen ta kwabo biyar, ta naira, ta ɗari.

Ta shafa saƙar da babban yatsa, rami bayan rami,
kamar mai jan carbi,
ta soke katin a bakin zani ta fita.
Rariyar tana nan inda ta bar ta.

Da asuba na ji Baba yana laluben aljihun tsohuwar rigar aiki.
Biron ya bushe.
Ya hura masa iska, ya goga a tafin hannu,
ya rubuta a jikin kwalin: An kai.

Saura arba'in da shida.
Koren zaren kuma ya ƙare.