Taku Goma Sha Ɗaya

Taku goma sha ɗaya a tsaye, bakwai a kwance,
tsakanin garejin Mumuni da katangar masallaci:
abin da Aboabo ta iya rage wa yaranta ke nan.

Ni kafinta, shekara talatin ina gardama da katako,
na zo da takarda.
Lilo nan, benci can,
ramin tsakiya kuwa a cike shi da tsakuwa.

Sai Rahinatu mai giɓi biyu
ta dafa zanen da hannun da ya sha manja:
"Baba, wannan ramin tekunmu ne.
In ka cike shi, ina jirage za su kwana?"

Fensir ya koma bayan kunne.

Suka ja ni zagaye.
Ashe tayar tirela gida ce mai ɗaki uku.
Ashe mataccen firji, in an cire masa ƙofa,
ya iya ɓoye littafi daga ruwan Kumasi.
Sumaila mai dogara sanda
bai roƙi komai ba,
sai dai kada a yi matakala.

Mun yi lilon, ɗaya, ba uku ba.
Katangar muka shafa mata baƙi iya miƙewar hannun yaro;
yau ta kwana da lissafi,
gobe da kifi mai takalmi.

Takardata?
Ranar da ruwa ya sauko na hango ta,
an naɗe ta jirgi,
tana ƙetare teku
da tururuwa biyu a ciki.