Sunayen Masu Tsayuwa

Kwana tara famfon unguwarmu ko tari bai yi ba.
Rana ta goma, da hantsi,
Ɗan Jimma ga-ruwa ya turo kurarsa,
jarka goma sha biyu, duka rawaya.
Yana kawowa gangaren da ya sauko daga Birni
sai tayar hagu ta fice.

Ruwan ya bi kwalta kamar ya san hanya.
Ɗan Jimma na ƙasa, kura bisa ƙaurinsa.

Ni ina bencin mai shayi, kofi a hannu.
Shekara talatin na yi a lakwal
ina koya wa yara suna da aikatau,
to bari in yi abin da na iya,
in raɗa wa kowa nasa.

Akwai ɗan kallo, shi ne babban wa,
hannu a baya, hula a ƙeya,
ko kuɗin ƙofa bai biya ba.
Akwai ganau, wanda zai kai labarin Kasuwar Dole
kafin azahar, ya sayar wa jiyau,
jarka sha biyu ta koma talatin.
Akwai ɗan ba-ruwana.
Yau sunan ya zauna masa daram,
ruwan kam ba nasa ba ne,
ya tattare ƙafar wando ya tsallake.

Akwai mai ayya.
Ayya, sannu, ayya,
buhu guda ya zazzage, ba ta ɗaga ƙarfe ba.
Akwai gwanin gefe, bai taɓa tura kura ba:
"Ai da ya bi ta dama."
"Ai lodin ya yi yawa."
Duk kokowar da aka yi a garin nan,
a bakinsa, ba a taɓa kai shi ƙasa ba.

Ɗan kabu-kabu ya rage wuta, ya leƙa, ya ƙara wuta.
Wannan ɗan leƙe ya ishe shi.
Sai na zamani, da sunansu bai nuna ba tukuna,
samari uku, wayoyi a sama
kamar masu roƙon ruwa da hannu guda.
Idon ma aronsa suka ba gilashi.

Duwatsun Damagaram na can bisa,
tun ba a yi ganuwa ba suke kallo.
Su an yafe musu, ba su da hannu.

Cima mai ƙuli ce ta aje faifanta.
Duk cikinmu ba wanda ta kai wa kafaɗa.
Ta ɗaure zane, ta cicciɓa, kura ta ƙi.
Ba ta ce "jama'a" ba,
ta san jama'a ba ta da kunne.
Ta nuna ɗan kallo da haɓa:
"Kai, Lawali ɗan Hajo, kama nan."
Sai hannun ya fito daga baya.
Ashe yana da suna.
Ashe har uwa gare shi.

Jarka biyu suka tsira.
Kofina ya huce, ƙuda ya faɗa ciki.

Da la'asar Ɗan Jimma ya zo ƙofata yana ɗingishi,
na sayi guda, na ɗora masa dala ashirin a kai.
Ya ƙirga, ya mayar mini da ƙarin.
"Mushe, ai na gan ka," in ji shi, "kana nan."
Har yanzu ban san ko gaisuwa ce ba.

Bayan lisha na kunna fitila, na jera su a takarda,
na zo layin ƙarshe, nawa:
wanda ya ga kowa,
ya ƙirga jarka, ya ƙirga samari,
ya san ko tayar wane gefe ce ta fice,
bai aje kofi ba.

Na juya Hausa ciki da bai,
kalmar ba ta zo ba.
Na bar gurbin.
Gobe in tambayi Cima,
in ta yarda ta dube ni.