Turaku Tara

Shekara talatin da ɗaya a bakin Kejetia
ina buɗe cikin agogo kamar mai feɗe fara,
hantsaki a dama, gilashi a ido.
Ran wata Talata hantsakin ya faɗi.
Na ce wa hannu: ɗauko.
Ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Barikisu ce ta ga bakina ya karkace.
Daga Aboabo zuwa asibiti ban tuna komai ba
sai ƙarar mota da salatinta.

Bayan wata biyu wata yarinya ta zo,
Frimpomaa, farar riga, takalmin roba.
Hausarta ta cefane, Turancina na rasit,
sai muka haɗu a tsakiya da Tonanci.
Ta ce bincike suke yi:
rabi a ba su madubi, rabi motsa jiki kawai.
Na ce wanne ya fi?
Ta ce, Baba, da na sani da ban nemi ka shiga ba.

Tun da na kwanta
ita ce ta fara ce mini ba ta sani ba.
Mai saiwa ya sani, mai turare ya sani,
ƙanin Barikisu har ya san wanda ya jefe ni.
Na dangwala mata da babban yatsan hagu.

Aka yage ambulan: madubi.
Masahudu ya koma lamba arba'in da ɗaya.

Sai a ɓoye dama a bayan gilashi,
hagu ta damƙe, ta sake,
ido ya rantse dama ce ke motsi.
Ƙarya ce, ni ma na sani,
amma akwai wani a cikin kaina da bai sani ba,
shi ake wa wayo.

Ran Juma'a kuma katako mai rami tara,
turaku tara kamar guntayen asuwaki.
Ta danna agogo.
Ni fa! Ni da agogo ke zuwa wurina jinya,
yau shi ne alƙali.
Makon farko: babu.
Ta rubuta babun da kyau, ba ta yi mata kwalliya ba.
Mako na huɗu: turke biyu, gumi kamar na ɗan dako.
Na shida na koma ɗaya,
na zagi katakon har kakansa bishiya.

Kusa da ni Maame Dufie ke zama,
mai tuyar kifi, lamba goma sha tara,
ambulanta bai ba ta madubi ba.
Takan leƙo nawa ta gyara ɗankwali,
ta ce ita ma ta sha maganin.
Ta riga ni kai turke biyar.
Sannan kuɗin mota daga Ejisu ya fi ƙarfin 'yarta,
kujerarta ta yi Juma'a uku ba kowa.
A takarda layi ɗaya ne aka ja.

Mako goma sha biyu: tara cif,
minti biyu da daƙiƙa hamsin.
Na ce, to, madubin ne?
Ta ce sai an haɗa mutum tamanin an yi lissafi,
watakila shi ne, watakila lokaci ne kawai,
watakila Barikisu da ke murza yatsun da man kaɗe.

Da za ta tafi na ga na wuyan hannunta ya tsaya
a kan ƙarfe huɗu da kwata.
Na ce miƙo.
Murfin baya kaɗai ya cinye mini la'asar,
sukurun ya tsere ƙarƙashin benci sau biyu,
ba ta sunkuya ta ɗauko mini ba, Allah ya yi mata albarka.

Da ya fara bugawa ta duba takardarta
sama da ƙasa, gaba da baya.
Babu gurbin da za a rubuta wannan.
Ta kara shi a kunne, ta tambayi kuɗin aiki.
Na ce sidi goma.
Ban rage mata ko kwabo ba.