Shirun Gyaɗa a Tifton

Ƙarfe biyun dare a Tifton.
Na'ura na huci kamar tsohuwa a kan tudu.
Ni kaɗai da ƙwayar gyaɗa ɗari uku da sha ɗaya,
kowacce na ɗan yanki gefenta da reza,
na bar mata idon da za ta tsiro da shi.

Abin da nake nema ido ba ya ganinsa.
Wasu tagwaye ne a cikin ƙwayoyin gado,
masu girki a duhun ɓawo,
su ke karɓar mai yana miƙe
su ƙara masa lanƙwasa guda.
Ta wannan lanƙwasa iska ke samun ƙofa,
ta nan mai ke tsufa,
ta nan ɗaci ke shiga kwalba ba sallama.

In Hassan ya kwanta, Husaini na tsaye,
da sauran aiki.
So nake na tarar da su duka biyun suna barci.

Delbert mai shara ya leƙo,
ya ce, har yanzu hira kike da gyaɗa?
Ya miƙo mini dafaffiya a kofin takarda,
gishirinta ya fi na gida,
amma yatsuna sun gane ɓawon
tun kafin in duba.

Kakata Tabawa a Gumel
ba ta taɓa jin sunan tagwayen nan ba.
Takan murza tunkuza har kafaɗa ta yi ƙara,
ta ɗiga man a bayan hannu, ta lasa,
ta ce, na bana ba zai ga ruwan fari ba.
Ba ta cika kuskure ba.
Ni kuwa shekara huɗu da fararen safar hannu
ina koyon abin da harshenta ya sani.

Sai ga ta ɗari biyu da bakwai.
Layin allo ya kwanta shiru,
na ɗaya shiru, na biyu shiru.
Ban yi guɗa ba.
Wa zai amsa mini a nan?
Na dai rubuta lambar sau biyu, hannuna na rawa.

Gobe zan sa ta a jar ƙasar Jojiya.
Za ta yi fure rawaya, kwana ɗaya tak,
sannan ta sunkuya,
ta tura ɗanta cikin ƙasa da kanta
ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Kaka, kin ce shiru ma magana ce.
Yau na auna ta.