Bayan Kanta

Ƙarfe takwas nake ɗaga ƙyauren shago,
ƙararsa ta riga sallamata fita.
Layin 'yan lantarki, bakin Kasuwar Barci,
inda barci bai taɓa samun rumfa ba.
In kaɗe ƙura, in jera tocila,
in ciro murmushi daga ƙusar da na rataye shi jiya,
don shi ma kayan aiki ne.

Na farko Malam Jatau daga Rigasa,
fanka a kafaɗa, gumi har haɓa.
"Yaro, kun cuce ni! Ba ta juyawa!"
Maƙwabta suka miƙo wuya.
Na karɓa hannu biyu, na jona,
ta hau kaɗawa har hularsa ta karkace.
Na ce, "Baba, akwai wuta a unguwarku?"
Shiru. Ya gyara hula.
"Yau kwana huɗu rabonmu da ita."
Dariya ta taso mini har maƙogwaro,
na haɗiye ta da zafinta,
na ɗaure masa fanka, na ce ya gaida gida.

Sai Madam Kasham, jaka a hammata,
ta sa na sauko da dutsen guga bakwai.
Wannan nauyi, wancan sakayau,
wannan kuma launin asibiti ne.
Ta taya abin da ko kwalin ba zai saya ba.
Na ce albarka.
Ta ce a Kakuri rabin haka ne.
Zuciya ta ce, to ga titin Kakuri nan a miƙe,
baki ya ce, "Allah ya kawo rabo, Madam."
Na hau tsani da bakwai ɗin
ɗaya bayan ɗaya.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ni dutsen guga nake dafawa,
shekara uku, ban ga romo ba.

Bayan azahar wani mai gilashi
ya ce ya tura kuɗi, wayata ba ta yi tari ba.
"Ka san ko ni wane ne?"
Ban sani ba. Na jawo masa benci,
na miƙa ruwan leda mai sanyi.
Muka zauna muna gadin waya
kamar masu jinyar mara lafiya ɗaya.
Da kuɗin suka faɗo, ya cire gilashi,
na ga ido ja na wanda bai runtsa ba.
"Fitilar ta tsohuwata ce, tana kwance a Barau Dikko."
Bai ba da haƙuri ba. Ban nema ba.

Alhaji Tanimu yakan ce daga inuwa,
"Mai saye ba ya laifi."
Yana yi, Alhaji. Wallahi yana yi.
Sai dai fushinsa daga gida ya ɗauko,
ni kawai a hanyarsa nake tsaye.

Da magariba na ratsa Bakin Dogo sayen tumatir.
Gajiya a gwiwa, aljihu ba nauyi.
Na tona kashin wata yarinya, na latsa, na yatsina,
na ji bakina yana cewa,
"A Kawo rabin haka ne."
Ta yi murmushi, ta ce albarka,
tana sake jera abin da na watsa.
Na gane murmushin.
Na san irin ƙusar da ake rataye shi.
Na biya yadda ta faɗa,
na ƙi karɓar gyara don kunya.

Washegari ina ɗaga ƙyaure
ga jaka a hammata tana jirana.
"Ina mai launin asibitin nan?"
Yana can sama, na bakwai, a ƙurya.
Na ce, "Sannu da zuwa, Madam,"
na jawo tsani.